Saroj Khan, matar da ta koya wa jaruman Indiya rawa: tambayoyi da amsoshi

Wace ce Saroj Khan?

Mai tsara rawa ce a finafinan Indiya, waɗanda ake yi da harshen Hindi a birnin Mumbai. An haife ta ranar 22 ga Nuwamba 1948, ta rasu ranar 3 ga Yuli 2020 tana da shekara 71. Duk wanda ya kalli finafinan Sridevi ko na Madhuri Dixit na tsakanin 1986 zuwa farkon shekarun 2000 ya ga aikinta, ko da bai taɓa jin sunanta ba. Waƙoƙin da ta tsara wa rawa sun haura 2000. A masana'antar, manya da yara "Masterji" suke kiranta, laƙabin da a da maza masu koyar da rawa kaɗai ake yi wa.

Sunan da iyayenta suka raɗa mata ke nan?

A'a. Sunanta na yanka Nirmala Nagpal. Iyayenta mabiya addinin Hindu ne, suna cikin miliyoyin mutanen da suka tsallako daga ɓangaren da ya zama Pakistan lokacin da aka raba ƙasar a 1947. Sun iso Bombay, wadda yanzu ake kira Mumbai, hannu rabbana, sun baro komai a baya. Ita da bakinta ta ce an sauya mata suna zuwa Saroj ne don kada dangi su gane 'yar gidan tana fitowa a fim, domin a wancan zamanin abin kunya ne ga gidan mutunci. "Khan" ɗin kuma daga baya ya zo, ta hanyar aure.

Yaya aka yi ta shiga fim tun tana ƙarama?

Talauci ne ya kai ta. Labarin da ta sha bayarwa a hira shi ne, tana 'yar shekara uku takan tsaya tana kallon inuwarta tana juya hannuwa tana rausaya, har mahaifiyarta ta tsorata ta kai ta wurin likita, a zatonta yarinyar ba ta da lafiya. Likitan ya ce lafiyarta ƙalau, rawa kawai take so, kuma tunda gidan na cikin matsi, me zai hana a sa ta a fim? Haka ta fara fitowa a matsayin ƙaramar yarinya.

Matsalar yaran fim ita ce girma. Da ta kai wajen shekara goma ta wuce a ɗauke ta a matsayin yarinya, ba ta kuma kai a ba ta matsayin budurwa ba. Sai ta koma cikin 'yan rawar baya, waɗannan da ake jerawa a bayan jaruma su cika fage. A fim ɗin Howrah Bridge na 1958 tana cikin masu rawa a waƙar da Madhubala ta hau. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, nauyin mahaifiya da ƙanne ya dawo kanta, kuɗin rawar nan da ake biya kullum-kullum da shi ake cin abinci a gidan.

Wa ya koya mata rawa?

B. Sohanlal, ɗaya daga cikin manyan masu tsara rawa na shekarun 1950 da 1960, wanda ya fito daga gidan rawar Kathak na Jaipur, wata rawar gargajiya ta arewacin Indiya. Shi ya lura cewa yarinyar nan da ke cikin layin baya tana ɗauke rawar jaruma gaba ɗaya da kallo ɗaya, sai ya jawo ta ta zama mataimakiyarsa tana da kimanin shekara 13. A wurinsa ta koyi tushen rawar gargajiyar Indiya: bugun ƙafa, alamomin yatsu, da yadda ake magana da ido da gira.

Sai dai labarin bai tsaya a malami da ɗaliba ba. Ya aure ta tana 'yar shekara 13, shi kuma ya ba ta kusan shekara 30, yana da mata da 'ya'ya huɗu, abin da ta ce ba ta sani ba sai daga baya. Ta haifi ɗanta Raju Khan, wanda shi ma ya zama mai tsara rawa, tana da shekara 14. Zaman bai ɗore ba. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne har ƙarshen rayuwarta ba ta daina kiransa malaminta ba, tana cewa duk abin da ta sani a rawa daga gare shi ta samu. Mai karatu na iya ganin cin zali tsagwaronsa a wannan aure, kuma yana da gaskiya, amma ita haka ta riƙe abin, ta ware sana'ar daban, ta ware abin da ya yi mata daban.

Da gaske Musulma ce?

E. Ta musulunta, kuma ta sha faɗa cewa da ra'ayin kanta ta yi, ba wanda ya tilasta mata. A 1975 ta auri wani ɗan kasuwa, Sardar Roshan Khan. Da ta rasu a maƙabartar Musulmi ta unguwar Malad da ke Mumbai aka binne ta.

Wai mene ne ainihin aikin mai tsara rawa? Ba jaruman ne ke yin rawarsu ba?

Nan ne mafi yawan masu kallo ke kuskure. Jarumi ba ya ƙirƙirar rawa, kamar yadda ba shi ke rera waƙar ba. A finafinan Indiya waƙa ake fara yi: marubuci ya rubuta baitoci, mai kiɗa ya ɗora kiɗa, mawaƙa irin su Lata Mangeshkar ko Alka Yagnik su rera a sutudiyo. Sai an gama wannan kaf sannan a miƙa wa mai tsara rawa, tare da bayanin inda waƙar ta faɗo a cikin labari da halin da jarumar ke ciki.

Daga nan aiki ya dawo hannunsa. Zai saurari waƙar har ta zauna masa, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, baiti-baiti da kiɗan da ke tsakanin baitoci, ya ɗora wa kowane yanki motsinsa a kan ƙirgen takwas-takwas. Mataimaka su haddace, su koya wa 'yan rawar baya, su kuma yi rihazal da jaruma idan ta samu lokaci. Ranar ɗauka a lokeshan, ana sakin waƙar ta lasifika, jaruma na bin ta da leɓe kamar ita ke rerawa, ana ɗaukar layi ɗaya ko biyu a tsaya, a sauya wurin kyamara, a sake. Waƙar minti biyar kan ci kwanaki da dama. A duk tsawon kwanakin nan, a mafi yawan finafinai, mai tsara rawa ne ke cewa a ajiye kyamara nan, a matso da ita fuska, a yanke a nan. Darakta kan koma gefe ya zauna yana kallo. Shi ya sa wasu masu tsara rawar, irin su Farah Khan da Prabhu Deva da Remo D'Souza, ba su sha wahala ba da suka koma ba da umarnin fim sukutum: sun daɗe suna yin aikin a cikin waƙoƙi.

Akwai kuma abin da kowane mai tsara rawa ke nema, wato motsi guda ɗaya mai sauƙi da ke dawowa duk lokacin da amshi ya dawo, wanda yaro zai iya kwaikwaya a wurin biki. Idan aka same shi, waƙa ta shiga gari.

To me ya bambanta Saroj da sauran?

Fuska. Ita a wurinta rawa daga kalmomin waƙa take tasowa, ba daga kiɗa kaɗai ba. Kowace kalma sai an ga ma'anarta a ido, ko a gira, ko a leɓe, ko a ɗan karkata wuya. Idan baiti ya ce "ina jiranka", ba ta yarda jaruma ta yi ta tsalle kawai ba, sai an ga jiran. Wannan daga Kathak ta ɗauko shi, inda mai rawa ke ba da labari da fuska, ta gauraya shi da rawar karkara da ta kasuwa, ta yi abin da mai sayen tikitin silima mafi arha zai gane nan take.

Duk wanda ya ga bidiyonta tana koyarwa zai fahimci abin da ake nufi. Mace ce gajera mai jiki, cikin doguwar riga da wando da mayafi, ba wanda zai gan ta a hanya ya ce 'yar rawa ce. Amma da zarar an saki kiɗa, ta ɗaga gira ɗaya, ta sunkuyar da ido, ta ciji leɓe, sai ka ga ashe abin da aka daɗe ana yaba wa jarumar a kai, daga wannan fuskar aka kwafo shi. Jarumai da yawa sun faɗa cewa ba su taɓa kai rabin yadda take yi ba. Tana da zafi a wurin aiki, ba ta ɗaga wa kowa ƙafa komai sunansa, kuma idan ɗauka ta yi mata daɗi takan ciro kuɗi ta miƙa wa jarumin a matsayin tukuici. Manyan taurari masu miliyoyi sun riƙa adana wannan 'yar takardar kuɗi.

Idan ta iya haka, me ya sa ba ta yi suna da wuri ba?

Fim na farko da aka ba ta ita kaɗai shi ne Geeta Mera Naam na 1974, wanda jaruma Sadhana ta ba da umarni. Amma sana'ar a hannun maza take, furodusoshi kuma sun saba ganinta a matsayin mataimakiya. Sai da ta ƙara shafe kusan shekara goma tana ƙananan ayyuka. Darakta Subhash Ghai ya ba ta fim ɗin Hero a 1983, ƙofa ta fara buɗewa. Ke nan mace da ta fara aiki tana shekara uku ba ta ga hasken sana'arta ba sai da ta doshi 40.

Wace rawa ce ta fara fito da ita?

Rawar macijiya a Nagina na 1986. Sridevi ce macijiyar da ta rikiɗa ta zama mace, Amrish Puri kuma boka mai busa yana son ya tilasta mata komawa siffarta ta asali. Sridevi cikin fararen kaya, idanu an sa musu gilashin da ya sauya launinsu, ta haɗe hannuwa a saman kai kamar maciji ya fasa kai, tana sara da su, tana birgima a ƙasa tana miƙewa, kiɗan na janta tana turjewa. Rawa ce, amma faɗa ne ake yi, kuma ƙarshen labarin fim ɗin a kanta ya rataya. Shekara guda bayan nan suka sake haɗuwa a Mr. India, inda "Hawa Hawai" ta nuna Sridevi ta iya barkwanci da fuska, sannan Chandni a 1989.

Ita da Madhuri Dixit fa?

Wannan ita ce haɗuwar da aka fi tunawa. Madhuri ta fara fim a 1984, ta yi finafinai da dama da ba su yi kasuwa ba. Ta koyi Kathak tun tana yarinya, amma rawar fim daban ce, tana son sakin jiki da kallon kyamara ido cikin ido. A Tezaab na 1988, na darakta N. Chandra, aka ba Saroj waƙar "Ek Do Teen", inda budurwa ke ƙirga kwanakin wata tana jiran masoyinta. Saroj ta ce ita cikin ɗan lokaci ta tsara rawar, amma Madhuri ta yi fiye da mako biyu tana rihazal kafin a kunna kyamara. Fim ɗin ya fito, waƙar ta mamaye ƙasar, Madhuri ta zama tauraruwa.

Daga nan suka jera: "Tamma Tamma" a Thanedaar (1990), "Dhak Dhak" a Beta (1992), "Choli Ke Peeche" a Khalnayak (1993). Af, wani abu game da "Tamma Tamma" da ya shafe mu nan Afirka ta Yamma: karin waƙar daga "Tama" ta Mory Kanté, mawaƙin ƙasar Gini, aka ɗauko shi, haka ma "Jumma Chumma" ta fim ɗin Hum na Amitabh Bachchan. Masu cewa kullum mu ne ke kwaikwayon Indiya, ga wuri ɗaya da Indiya ta kwaikwayi makwabtanmu.

Ba a zarge ta da batsa ba?

An zarge ta, musamman a kan "Choli Ke Peeche". Baitin farko na waƙar tambaya ce mai harshen damo game da abin da ke bayan rigar mace, amsar da ke biyo baya ita ce zuciya. Ƙungiyoyi sun yi zanga-zanga, an kai ƙara, gidan talabijin da na rediyon gwamnati sun ƙi saka ta. Duk da haka kaset ɗin ya yi kasuwa ƙwarai, Saroj kuma ta ci kyautar Filmfare, wadda mujallar finafinai mai wannan suna ke bayarwa duk shekara, da rawar.

Ita matsayinta shi ne akwai bambanci tsakanin jan hankali da tsiraici, kuma ta fi dogara da ido da kafaɗa fiye da buɗe jiki. Akwai gaskiya a ciki idan aka kwatanta da abin da ya zo daga baya. Amma kada a yi mata kwalliyar da ba tata ba: "Dhak Dhak" rawa ce da aka tsara don ta motsa sha'awa, kuma ta san haka. Wanda ya ce ba zai kalle ta da iyalinsa a falo ba, ba a ce ya yi tsauri ba.

Wace ce ta fi wahala a duk rawar da ta tsara?

Da yawa za su ce "Dola Re Dola" a Devdas na 2002, na darakta Sanjay Leela Bhansali. Wahalar ba ta motsin kaɗai ba ce. An haɗa manyan jarumai mata biyu a fage ɗaya, Madhuri Dixit da Aishwarya Rai, kowacce da masoyanta, kuma dole a tsara rawar yadda ba wadda za ta danne ɗaya. Ga tarin 'yan rawar baya, kowa cikin farin sari mai jan baki irin na matan Bengal, ga gwala-gwalai masu nauyi, ga kyamara da ke zagayawa ba ta yankewa da wuri, wanda ke nufin kuskuren mutum ɗaya ya ɓata ɗaukar kowa. Idan ka sake kallonta, lura da yadda su biyun ke juyawa su fuskanci juna su rabu su sake haɗuwa, da yadda ake ba kowacce nata lokacin a gaban kyamara daidai wa daida. A littafin Sarat Chandra Chattopadhyay da aka ɗauko labarin, matan nan biyu ba su yi irin wannan haɗuwa ba. Bhansali ne ya ƙirƙiro ta, Saroj ta sa ta zama abin da aka fi tunawa a fim ɗin.

Waɗanne kyaututtuka ta samu?

Kafin 1989 Filmfare ba ta da rukunin tsara rawa. A shekarar aka buɗe shi, Saroj ce ta fara karɓa saboda "Ek Do Teen", ta kuma sake ɗauka a 1990 da 1991. Jimilla sau takwas ta ci, na ƙarshe a 2008 da "Barso Re" ta fim ɗin Guru. Kyautar finafinai ta ƙasa, wadda gwamnatin Indiya ke bayarwa, ta same ta sau uku: da Devdas, da fim ɗin Tamil mai suna Sringaram, da Jab We Met na Kareena Kapoor.

Mata kawai take koya wa?

A'a, ta yi aiki da Shah Rukh Khan a Baazigar da Dilwale Dulhania Le Jayenge, da Aamir Khan a Lagaan, da Sanjay Dutt, wanda masu kallo a Kano suka laƙaba wa "Ɗan daba mai lasin", wanda kuma rawa ba ta cikin abin da ya iya, sai da aka yi ta maimaita ɗauka a "Tamma Tamma". Amma gwanintarta a rawar mata take.

Me ya sa aka daina jin ta sosai a ƙarshe?

Zamani ya juya. Daga farkon shekarun 1990 tashoshin tauraron ɗan'adam suka shigo Indiya da bidiyon waƙoƙin Turai da Amurka, ido ya saba da yanka da sauri, daƙiƙa biyu a sauya hoto. Rawar da ke buƙatar a tsaya a kan fuska a ga gira ta motsa ba ta da wuri a irin wannan. Sabbin hannu suka taso. Farah Khan ta samu damarta ta farko a Jo Jeeta Wohi Sikandar na 1992, bayan Saroj ta bar aikin fim ɗin. Ahmed Khan, wanda yaronta ne a sana'a, ya yi suna da Rangeela a 1995. Prabhu Deva ya zo daga kudu da irin tasa rawar mai kama da ta marar ƙashi a jiki.

Saroj ba ta zauna ba. Ta koma talabijin, ta yi alƙalanci a gasar Nach Baliye daga 2005, ta kuma yi shirin koyar da rawa na kanta, Nachle Ve, inda mutane ke bin ta daga ɗakunansu. Idan darakta na son rawar gargajiya ta gaske, ita ake nema har a lokacin. Amma a shekarunta na ƙarshe ta fito fili ta ce aiki ya yi mata ƙaranci, kuma ba ta ɓoye ƙyamarta ga yawancin rawar zamani ba. Ta ga an sake yin "Tamma Tamma" a 2017 da "Ek Do Teen" a 2018 da wasu jarumai, wasu masu tsara rawa.

Wace magana ce ta jawo mata suka a 2018?

An tambaye ta game da masu neman lalata da 'yan mata kafin su ba su aiki a fim. Ta amsa da cewa abin ya daɗe, ba a fim kaɗai ake yi ba, kuma ko ba komai masana'antar tana ba mutum abin da zai ci. Mutane suka yi mata ca, ta fito ta nemi afuwa. Maganar ba ta da daɗin ji, ba kuma abin karewa ba ce, ko da an tuna cewa mai maganar an aurar da ita ga ubangidanta a wurin aiki tana shekara 13.

Akwai alaƙar aikinta da finafinan Hausa?

Ba ta taɓa aiki da Kannywood ba, amma tasirin a bayyane yake. Finafinan Indiya sun shigo gidajen silima na Arewa tun wajen shekarun 1950 zuwa 1960 ta hannun 'yan kasuwa Lebanawa, kuma lokacin da finafinan Hausa na bidiyo suka kankama a shekarun 1990, finafinan da ke tashe a kaset su ne na zamanin Sridevi da Madhuri, wato zamanin Saroj. Tsarin saurayi da budurwa su yi waƙa suna bin muryar wani mawaƙi, a sauya kaya a tsakiyar waƙa, 'yan rawa a jere a baya, daga can aka gan shi. Bambancin shi ne a nan rawar ta gamu da iyakokin addini da al'ada, musamman bayan kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, don haka ba a taɓa juna, motsin ma an rage shi. Wani abin lura: ɓangaren aikinta da ya fi dacewa da waɗannan iyakoki, wato ba da labari da ido da fuska ba tare da an girgiza jiki ba, shi ne aka fi ƙarancin ɗauka.

Yaya ta rasu, kuma mene ne aikinta na ƙarshe?

Aikinta na ƙarshe da ya fito shi ne "Tabaah Ho Gaye" a fim ɗin Kalank na 2019, kuma Madhuri ce ta hau waƙar, shekara 31 bayan Tezaab. A watan Yuni 2020 aka kwantar da ita a asibitin Guru Nanak da ke Bandra saboda wahalar numfashi. Lokacin annobar korona ce, an gwada ta ba ta ɗauke da cutar, amma ta daɗe tana fama da ciwon sukari. Zuciyarta ta tsaya cikin daren 3 ga Yuli, aka yi jana'izarta da safiyar ranar, mutane kaɗan ne suka halarta saboda dokar hana taro.